Ranar da Nomau Ya Kawo Malama Dubiya

Ƙanena Nomau a gidana yake zaune, shi da akuyarsa da tsohon baronsa. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Shi ne maigadin firamaren ƙauyenmu, inda 'yata Uwani take aji huɗu. Ni a aji uku na tsaya, shi ya sa kullum gabana yake faɗuwa kada ita ma ta tsaya, don sai da lallashin malamarsu, Malama Tasalla, take zuwa.

Wata rana aka kawo kwamfuta, aka mayar da Malama Tasalla ofis. Hedimasta ya ce wa Nomau, "Daga yau wannan ce malamar aji huɗu. Duk abin da Tasalla take yi, za ta yi." Washegari Nomau ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gabanta. "Malama, ina kwana?" Shiru. Ranar ba a buga ƙararrawa ba, don mai bugawar yana can durƙushe yana jiran amsa.

Wata rana na dama fura, kamar yadda na saba aika wa malamar Uwani. Na ba Nomau, na ce, "Kada ka dawo sai ta sha." Har la'asar babu shi. Na bi sawu, na tarar da shi yana kore wa ƙwaryar ƙuda. Ya rage murya ya ce, "Yaya, ina jin azumi take yi."

Ba zan ci haƙƙin kwamfutar ba, ta iya koyarwa. Ba ta duka, ba ta gajiya da maimaitawa.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Uwani. Ta warke, amma ta ƙi komawa. Na yi faɗa, na yi roƙo, sai ta ce, "Inna, ba wanda ya san ba na nan." Na zauna a tsakar gida ina share hawaye, na ce, "Ai da malama ce ya kamata ta zo dubiya."

Ashe Nomau ya ji. Can sai ga shi ya turo baro, kwamfuta a ciki, ya lulluɓe ta da zane saboda rana. Bayansa Hedimasta ne da Malama Tasalla, suna haki.

Hedimasta ya ce, "Kai, ɓarawo ka koma?"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce duk abin da Tasalla take yi za ta yi. Tasalla tana zuwa dubiya." Ya sauke kwamfutar gefen tabarmar Uwani. "Malama, ga ɗalibarki. Yi mata sannu."

Muka yi tsit, har da kwamfutar.

Hedimasta ya ce, "Wai wa ba shi da lafiya?"

Malama Tasalla ba ta tambaya ba. Ta riga ta durƙusa, hannunta a goshin yarinyar. "Uwani, haka kika rame?"

Da safe Nomau ya tura malama ɗaya a baro, ɗayar kuma ta biyo ta ƙofar gidanmu, ta tsaya har Uwani ta gama ɗaura ɗankwali.