Injin da Ya Fi Jirginsa Tsada

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a gaban aji a jami'armu da ke College Park, can Amurka, na gyara wuyan riga, na sanar cewa injin jirgi ya fi jirgin da yake cikinsa tsada.

Darasin tarihin tattalin arziki ne. Aka haɗa ni da Rifkatu, wata 'yar Jos, mu kwatanta abin da Amurka da Jamus suka kashe wajen ƙera jiragen yaƙi da injinansu a Yaƙin Duniya na Biyu. Ta ɗauki Amurka, na ce a bar min Jamus (ni da ko gaisuwa ban iya da Jamusanci ba). Tallafin karatuna kuwa yana rataye da makin darasin nan.

Kuɗin jirgi daga wani littafi na samo shi, na inji daga wani. Da na jera su, sai ga inji shi kaɗai ya zarce jirgin ɗungurungum, har da injin a ciki. Maimakon gabana ya faɗi, sai na ji na gano abin da ya shige wa masana duhu. Ko Rifkatu ban nuna wa ba, kada a raba yabon biyu.

Na gama bayani. Farfesar, wata dattijuwa mai sanyin magana, ta ce in haka ne, me ya hana Jamusawa su sayi jirgin, su cire injin, su yar da gangar jikin?

Na ce ai lokacin yaƙi ne, komai a hargitse yake. Aka fara dariya. Ni ma na taya su, ban san dalili ba.

Rifkatu ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Malam, RM ɗin nan da ke jikin kuɗin injin a kan allo, mene ne?"

"Sunan injin ne mana."

"Kuɗin Jamus ne. Na jirgin kuma an riga an mayar da shi dala."

Na kalli allo, na kalle ta, kaina ya ƙara kullewa. Sai na juya wurin farfesar na ce, "To, yanzu wanne ya fi tsada ke nan?" Da Hausa na tambaye ta.

Baiwar Allah ta ba mu dama mu sake. Rifkatu ta karɓe Jamus daga hannuna, ta bar min danna hotunan da ake haskawa a allo.

Yanzu duk ranar da na ga na gano abin da kowa ya kasa ganowa, nakan ja mutum ɗaya gefe in nuna masa tukuna, mai rufin asiri.