Sunan da Iya Habsu Ta Tsallake

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na tsufa na rikice, da ranar da na tsaya a tsakar gidan kakata na ce mata ba ta san ƴaƴanta ba.

Ina shekara biyu mahaifina Lawali ya rasu, na tashi a Zango wajen dangin uwa, zumunci da ƙauyen mahaifina ya yanke. Ban damu ba sai da na tashi aure. Iyayen yarinyar suka ce in kawo dangin uba, in babu to a haƙura. Hankalina ya tashi, don wallahi ina son ta.

Na shiga bincike da gadarar ɗan lakwal, wato ɗan boko. Na yi zarya a ma'aikatar magajin gari har aka zaƙulo mini tsohuwar takardar haihuwar mahaifina: wani ƙauye a gefen Hamdara, sunan uwa Habsatu. Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, da biro biyu (biyu fa, kada ɗaya ya ƙare a tsakiyar tarihi), na hau kabu-kabu.

Aka kai ni wurin wata tsohuwa, Iya Habsu, tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ƙanen mijinta, Malam Ila, na gefe. Na gaishe su sama-sama, na faɗi wanda nake nema, na buɗe kaye.

"Iya, lissafo mini ƴaƴanki duka."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kirawo biyar, babu Lawali. Na ce ta sake, ta sake, biyar ɗin dai. Na tambaye ta kai tsaye ko ta haifi Lawali, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Haushi ya kama ni. Na miƙe ina kaɗa takarda a gaban matan gida. "To ko dai an kawo ni gidan da ba shi ba, ko tsufa ya sa Iya ba ta san ƴaƴanta ba. Shi ya sa muka fi yarda da rubutu!"

Malam Ila ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ɗan birni, a lakwal ɗin naku ba a gaya muku mace ba ta kama sunan ɗanta na fari ba?"

Innalillahi! Na san wannan kunyar sarai, a Zango ma ana yin ta. (Sunan ma Lawali ne, sunan ɗan fari, amma kaina bai kawo ba.) Na durƙusa ina neman gafara, zufa na keto mini.

Iya ta kama kunnena ta ja. "Tun da ka shigo na gane ka, maigidana. Wancan da ya tafi ya bar maka kunnuwansa."

Sannan ta gyara zama ta fara. Daga mijinta ta yi sama, shi ma da "mai gidan nan" ta wuce shi, uba bayan uba, da matansu da garuruwan da aka auro su, da wanda ya yi fatauci, har kan wanda ya haƙa rijiyar garin. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta gangaro ta iso kan mahaifina sai ta goge ido da gefen zane, ta tsallake shi ta sauko kaina. Biro biyu a aljihu, ban rubuta ko harafi ɗaya ba.

Malam Ila ne ya karɓa mini aure, kuma har yau "Mushe Takarda" yake kirana, wato Malam Takarda da Faransanci. Ni dai na koyi hankali: in tsohuwa na lissafi ta tsallake wani, nakan kama bakina, don wanda ta tsallake ɗin ya fi kowa zama a ranta.