Turancin da Na Yi wa Dangin Maman Bose

Wata uku da shigata ajin manya a Tarauni, har mafarki nake ina karanta labarai da Turanci a rediyo. Malama ta ce "infest" shi ne a cika wuri maƙil. Sauran bayanin ya wuce ni, ina can ina gaida masu sauraro.

Ranar sunan jikar maƙwabciyata Maman Bose a Gyaɗi-Gyaɗi, na gyara ɗauri, na dubi danginta, na ce, "Madam, your people infest house."

Ta janye kwanon shinkafar da take miƙo min. "Maman Ladi, mu ne ɓerayen ko kyankyasan?"

Sati guda ina aika tuwo kafin ta huce. Har yau in jikokina suka zo, sai ta leƙo ta katanga: "Baturiya, in kira miki duba-gari?"