Gurbin da Ya Ji Kunya

"Haladu, ka faɗa mini gaskiya, wa ya hana a zubar da guraben nan?"

Muryar mace ce daga cikin waya, ni kuma ina bayan labulen zaure ina tsintar shinkafa. Na san amsar. Amma kafin a kai can, sai na fara ba ku labarin gidanmu.

Mu huɗu ne a gidan, a nan Tudun Marke: Inna uwar mijina, ƙaninsa Haladu, ni, sai shi maigidan. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, haka na tashi na ga iyayena mata suna yi. Inna ma ba ta faɗa, don ɗan fari ne, "kai" kawai take ce masa. Haladu kuma "Yaya". Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito, haka yake ɗaukar ta. In ka ce ya sa ido a kan tukunya, to ka tanadi maganin ƙuna.

Haladu yana yi wa wani kamfanin manoma aiki da kwamfuta daga zaure, don nan ne sabis ke kamawa. Yana cikin watannin gwaji ya faɗi a babur, hannun dama ya karye. Ya ɓoye wa ofis, don tsoron kada a ɗauki wani a madadinsa. Maigidan ya gama firamare, ya san haruffa, sai ya zama hannun Haladu: wannan ya faɗa, wancan ya danna.

Wata rana maigidan ya ce, "Wai kayan da muke ta rubutawa, ina ake ajiye su?"

Haladu ya ce, "A gajimare, Yaya. Rumbunanmu, injinanmu, sunayen manoma da hotunan gonakinsu, duk suna can. Abin da muka rubuta a nan shi ake ginawa a can, abin da muka ce a rushe a rushe."

Ashe gajimare, haka masu kwamfuta ke kiran manyan injinan ajiya da ake haya a nesa. Da la'asar hadari ya haɗo. Maigidan ya kwashe duk kwanukan gidan, har da na jerena, ya baza a tsakar gida. Da ruwa ya ɗauke ya shiga zaure da baho a ka, jiƙe sharkaf.

"Ga kayan ofishinku sun zubo. Abin da na iya tarewa ke nan, sauran ya bi kwata."

Ya hana kowa taɓa ruwan. Inna ta ɗebi buta ɗaya za ta yi alwala, ya ce sai dai ta nemi izinin kamfani. Ta ce, "Kai, da wannan kan naka aka haife ka, ko a hanya ka tsinta?" Ya ce shi dai bai tuna ya tsinci komai a hanya ba.

Wata rana Haladu ya zaunar da shi ya ce, "Duba nan. Kowane kaya a can yana da dogon suna, kashi biyar. Na farko gidan da ke ba mu haya, na biyu irin aikin, na uku yanki, na huɗu mai shi, na biyar kayan kansa. Tsakanin kowanne akwai ɗigo biyu, ɗaya bisa ɗaya. In ba a faɗi sunan duka ba, ba a san abin da ake nufi ba."

Maigidan ya ce ashe duk shekarun nan a ɓace muke zaune. Washegari jakin Malam Jatau maƙwabcinmu ya shigo ya sa kai cikin geron da na shanya. Maigidan na tsaye, sanda na kusa da ƙafarsa, amma ya tsaya sanar da mu yadda ya kamata:

"Tudun Marke, ɗigo biyu, dabbobi, ɗigo biyu, unguwar gabas, ɗigo biyu, Malam Jatau, ɗigo biyu..."

A nan ya manta ko ya faɗi yanki, sai ya koma farko. Kafin ya kai ga "jaki", jakin ya ƙoshi ya fita da kansa. Daren nan tuwon dawa muka ci.

Wata rana Haladu ya yi miƙa ya ce, "Na gaji. Gobe da sassafe za mu yanka sunayen nan. A kan ɗigo biyu ake yankawa, kada ka manta."

Nufinsa a rarraba dogon sunan gida-gida, yadda kwamfuta za ta gane wannan yanki ne, wannan mai shi ne. Bayan sallar asuba sai na ji hayaniya a ƙofar gida. Na leƙa: tabarmi, goro, Liman a gaba, rabin unguwa a baya. Bunsurun Inna, fari mai baƙin ɗigo biyu a goshi, an riga an kwantar da shi, wuƙa ta gama aikinta.

Liman ya ce, "To, wane, ina jaririn? Wane suna za a raɗa?"

Matan da suka shigo duk suka juyo suna kallon cikina. Ni ko ɓatan wata ban yi ba. Wata tsohuwa har ta ce, "Amarya, haka ake haihuwa shiru ba nishi?" Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Maigidan ya fito rungume da kwamfuta cikin tawul, ya ce sunayen da yawa, sai Liman ya yi haƙuri. Liman ya dubi allon, ya dubi naman, ya ce tunda an riga an yanka, a yi addu'a kawai Allah ya raya. Aka shafa. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar kowa.

Wata rana ogar Haladu, Injiniya Hansatu, ta ba shi aikin da ta ce shi zai nuna ko za a riƙe shi ko a sallame shi. Tarkace ya yi yawa a gajimaren. Zai rubuta umarni mai shara: ya dubi kashi na huɗu na kowane suna, in ba lambar kamfani ce a wurin ba, a rushe. Sun kusa gamawa sai ɗan acaɓa ya iso zai kai Haladu wurin maɗori.

Maigidan ya nuna allon ya ce, "Wasu sunayen, ɗigo biyu na bin ɗigo biyu, ba komai a tsakani. Waɗannan fa?"

Haladu na sa takalmi ya ce, "Bar su kawai, Yaya, ba su da amfani. Ka danna koren nan ka aika mata."

Abin da yake nufi, kada a taɓa, don ya riga ya sa layin da ke zubar da duk gurbin da ba komai. Layin tambaya ne, amsarsa kalmar Turanci ta "eh" ko ta "a'a", kuma maigidan ya san su biyun.

Na kawo masa fura na ajiye. Ya ce, "Ke, me zai sa a yi wa suna wuri a ƙi faɗarsa?"

Ban saba magana a zaure ba. Kaina a ƙasa na ce, "Wataƙila kunya ce. Ni ma akwai sunan da ba na faɗa, ai ba a ce babu mai shi ba."

Ya ajiye ludayi. "Masu kunya ne! Shi ya sa yaron ya ce a bar su. Ga shi kuma an rubuta a zubar. Subhanallahi, a kori mutum don ya yi kawaici?"

Ya goge "eh" ya sa "a'a". Ya bi guraben ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Sannunku, ku zauna abinku, ba mai tayar da ku." Sannan ya danna koren. Ya bar musu rabin furar a gefen kwamfuta.

To, wayar da na fara ba ku labari, washegarin ranar ce. Injiniya Hansatu ce ta kira Haladu. In ya ce ba shi ba ne, asirin hannu ya tonu. In ya ce shi ne, bai san laifin da zai ɗauka ba.

"Ranki ya daɗe, wato... kuskure ne, zan gyara yanzu."

"Kada ka kuskura ka taɓa! Na mayar da layin yadda yake da farko na gwada, ba da gaske ba, don in ga bambanci. Rumbunanmu ba su da yanki, gurbinsu na uku fanko ne. Da an zubar da shi, kowa ya matsa gaba, mai shi ya koma na uku, sunan kaya ya zauna a na huɗu. Mai shara ya duba bai ga lambarmu ba, ya jero rumbunan nan kaf zai rushe, har da na sunayen manoma. Kai ka lura da wannan?"

Haladu ya dubi Yayansa, wanda ke gefe yana kore ƙuda daga kan furar jiya. Ya ce, "Aikin gida ne, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya ta ce to gidan ya ci gwaji, ya ci gaba da aiki.

Da ya kashe wayar ya ce, "Yaya, don Allah me ya kai ka?"

"Kai ka ce a bar su. Kuma an gaya mini masu kunya ne."

"Wa ya gaya maka?"

Maigidan ya ɗaga kai ya dubi labule. Sai na ji ya ce, "Tudun Marke, ɗigo biyu, mutanen gida, ɗigo biyu, ɗigo biyu."

Haladu ya ce, "Ɗigo biyu sai me?"

"Wannan gurbin a bar shi."

Haladu ya tambayi Inna, ta ce ita bunsurunta ta sani. Ni ma ya tambaye ni da yamma, yana tsokana: "Matar Yaya, ke da kunnenki ke bayan labule, ba ki ji komai ba?" Na ci gaba da tankaɗe. In zan ba da labarin, sai na ce na yi magana a zaure, sai kuma a tambaye ni wane suna ne ba na faɗa. Na ƙudura a raina ba wanda zai ji daga bakina. Na miƙa masa tsintsiya na ce ya taya ni korar jakin Malam Jatau, ga shi can ya sake leƙowa.