Gidan da Dillali Ya Kushe

Wani ne a Tamale, mai facin taya a bakin titin Choggu. Tun yana saurayi yake zaman haya har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ɗaki ɗaya, shi da matarsa Alimatu da yara, a gidan da kowace safiya sai an ja layin bayi kamar ana rabon zakka. Ya tara, ya tara, ya hana cikinsa ya hana na iyalinsa, har abin hannunsa ya kai na ɗan gida. Ana nan sai mai gidan hayar ya ce yana son ɗakinsa kafin damina, ɗansa zai yi aure. To, ko dai ya sayi gida, ko ya kwashi iyali su koma gindin darbejiyar da yake faci.

Bawan Allahn nan bai taɓa sayen abin da ya fi babur ba. Sai ya tafi neman shawara wajen yayan matarsa, Mamudu, mai sayar da hatsi a kasuwa. Shi kuwa Mamudu an taɓa sayar masa da filin da mutum uku suka riga shi saya, kuma kun san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Mamudu ya ce, "Ka yi tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi takardu, ka tambayi paip ko yana kawo ruwa, ka tambayi rufi, ka tambayi damina, ka tambayi abin da ya sa mai gida zai sayar."

"To, Yaya."

"Amma ka ji babban karatu. Dillali in ya ce maka ina kwana, leƙa waje ka ga ko rana ta faɗi. Duk abin da ya gaya maka, ka juya shi."

Gogan naku ya riƙe wannan karatu gam, ya fi yadda ya riƙe Fatiha.

Abin da bai sani ba, dillalin da aka haɗa shi da shi, Alhaji Abdul-Manan, bai daɗe da dawowa daga Makka ba. Da can kam babu irin ƙaryar da bai zuba ba a garin nan, har kududdufi ya taɓa sayarwa da sunan fili mai rijiya. Amma ya je ya yi kuka a gaban Ka'aba, ya rantse ya bar ƙarya har abada. Dillali ya tuba! Abin da Tamale ba ta taɓa gani ba.

Suna gaisawa Alhaji ya dafa ƙirji ya ce, "Malam, kafin mu hau moto, ka sani ni na tuba. Abin da na gani shi zan gaya maka."

Mutumin ya yi murmushi, ya ce a ransa: ga ta farko nan tun ba mu tashi ba.

Suka hau babur ɗin Alhaji suka nufi Kalpohin, gidan wata malamar makaranta, Madam Benedicta, da ta yi ritaya. Gida tsaf, kan tudu, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Mutumin ya gyara tsayuwa, ya soma zuba tambayoyi.

"Alhaji, takardu fa?"

"Cikakku. Sarki ya sa hannu, ofishin filaye ya buga hatimi."

Mutumin ya kaɗa kai. Wato babu ko ɗaya.

"Rufi yana yoyo?"

"Ko ɗigo."

Wato rariya ce.

"Damina fa?"

"Kana kan tudu, Malam. Ruwa wucewa yake ya bar ka."

Ya juya wajen mai gidan. "Madam, me ya sa za ki sayar?"

Madam ta ce da guntuwar Hausarta, "Ni ya gaji, Masta. Ni zai koma Ho, wurin yara na. Gida nan yana da kyau paa. Buɗe paip ka gani."

Ya murɗa famfo, ruwa ya feso har ya jiƙa masa wando. Ya yi tsalle ya koma baya. Ruwa a famfo, a Tamale, da rana tsaka, cikin rani? Wannan kuma raini ne. Ya fita da gudu ya zagaya bayan katanga neman wanda aka ajiye da bokiti yana ɗura wa bututu. Bai ga kowa ba sai akuya. Ya tsaya ya harari akuyar, ya dawo yana huci.

"Alhaji, mu tafi. Ba a yi mini wasa da hankali."

Madam ta bi shi da kallo ta ce, "Alhaji, mutum nan yana da lafiya?"

Haka suka yi ta yawo. A Sagnarigu Alhaji ya ce maƙwabta mutanen kirki ne, mutumin ya ce shi ba ya zama cikin ɓarayi. A wani gidan Alhaji ya ce ginin sabo ne, mutumin ya ƙi shiga kada ya rufto masa. Sau ɗaya Alhaji ya nuna wani ɗaki ya ce wannan kam yana da zafi, sai ga gogan naku ya shige ya miƙe a ƙasa yana cewa, "Kai, ni'ima!" gumi yana tsiyaya daga haɓarsa.

Ran nan suna dawowa ta wata hanya can bayan gari, sai babur ya gangara da su wani kwari. Ga wani gida shi kaɗai tilo, babu maƙwabci kusa sai ciyawa.

"Alhaji, tsaya. Wannan na wa ne?"

Alhaji ya ƙara wa babur wuta. "Manta da shi."

"Na ce ka tsaya!"

Alhaji ya taka birki ya yi ajiyar zuciya. "An ba ni shi in sayar, amma ba na nuna wa mutumin da nake son mu sake gaisawa."

Mutumin ya washe baki. Ashe ga inda aka ɓoye nama.

Suka shiga. Ya soma tambayoyinsa cike da murna.

"Paip?"

"Tun da aka kafa shi iska yake kawowa."

"Madalla. Rufi?"

"In ka kwanta kana ƙirga taurari."

"Alhamdu lillahi. Damina fa?"

Alhaji ya ja shi jikin bango, ya nuna masa wani zane mai launin ƙasa da ya zagaye ɗakin daidai ƙirjin mutum. "Ka ga wannan? Nan ruwan bara ya tsaya. Kuma bara fari aka yi."

A kan taga ga ƙashin tarwaɗa ya bushe. Mutumin ya ɗauka ya jujjuya, ya fashe da dariya. "Alhaji, ka iya aiki! Har kifi ka sayo ka ajiye?"

"Wallahi da kansa ya shigo."

"Takardu fa?"

"Rigima ce. Gidan gado ne. Wan yana sayarwa, ƙanen yana cewa nasa ne."

"Me ya sa za a sayar?"

"Saboda mai shi yana son ransa!"

Mutumin ya tafa hannu. "Na saya."

Alhaji ya dafe kai. Ya roƙe shi don Allah don Annabi. Ya ce ya je ya tambayi duk wanda ya ga dama. Ya ce ya jira ruwan farko ya sauka ya gani da idonsa. Duk kalmar da ta fito bakin Alhaji, sai ta ƙara wa gidan daraja a idon mutumin. Da Alhaji ya faɗi farashi, ya ce kuma ko rabin haka bai kai ba, gogan naku da kansa ya yi ƙari, kada wani ya riga shi. Tun da ake ciniki a Tamale ba a taɓa ganin mai saye yana ja sama dillali yana ja ƙasa ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Alhaji ya ce sai dai a yi a gaban shaida. Suka je wurin Afa Mahamudu, limamin masallacin unguwarsu. A gaban Afa, Alhaji ya sake lissafa aibin gidan kaf, ya ce ko la'ada ba ya so, kada ta ci shi ranar gobe. Afa ya dubi mutumin ya ce, "Ka dai ji da kunnenka?"

Mutumin ya ƙifta wa Afa ido. "Na ji, Afa. Ni da kai mun gane."

Afa bai gane komai ba, ya shafa fatiha.

Mutumin ya koma gida yana taƙama, ya ba Mamudu labari tun daga gidan Madam mai famfon ƙarya har gidan da ya ƙwace daga bakin dillali. Mamudu ya saurara, sannan ya ce, "Wannan na Kalpohin ɗin, ta wane layi ka ce yake?"

Mutumin da iyalinsa suka tare. Alimatu ta ga zanen bango ta tambaya, ya ce mata ado ne na zamani.

Ruwan farko ya sauko wata Laraba bayan azahar. Kafin la'asar tabarma ta tashi da kanta. Kafin a kira magariba tukwane sun fita ta ƙofa a jere, buta tana gaba. Alimatu ta ɗora yara kan katanga, ita ta haye tankin ruwa, wanda ranar ce ya fara ganin ruwa, shi ma ta waje.

Ta ce, "Maigida, adon naka na zamani ya kai maka wuya!"

Yana tsaye cikin ruwa da katifa a ka, sai ga wani mutum a bakin tudu da lema, yana ɗaga masa hannu.

"Sannu da aiki! Kai ne ka saya wurin yayana?"

"Ni ne! Kai wane ne?"

"Mai gidan. Amma kada ka damu, yi zamanka. Ni sai rani nake shiga."

Washegari Alimatu ta kwashi yara ta tafi gidan yayanta. Mutumin ya bi su da tambaya, aka yi masa kwatance har Kalpohin. Ya ga tudu, ya ga mangwaro, ya ga akuyar nan a bayan katanga. Ga Mamudu a tsakar gida yana alwala a bakin famfo, ruwa yana zuba shaa.

"Yaya! Ba kai ka ce in juya maganarsa ba?"

Mamudu ya kuskure baki ya zubar. "Na ce maka dillali. Ban ce maka wanda ya tuba ba. Ni da na ji labari, zuwa na yi na murɗa paip na gani, na saya."

Mutumin bai ko zauna ba. Wando a jiƙe, takalmi ƙafa ɗaya, ya je ya ci kwalar Alhaji Abdul-Manan a bakin tasha, ya ja shi har gaban Afa Mahamudu. Jama'a suka taru.

"Afa, a bi mini hakkina! Mutumin nan ya cuce ni!"

Afa ya ce, "Sannu, zauna. Ya ce maka rufi yana yoyo?"

"Ya ce."

"Ya ce ruwa yana shiga?"

"Har kifi ya nuna mini."

"Rigimar gado fa?"

"Ita ma ya faɗa."

"A gabana ya roƙe ka kada ka saya. To wace ƙarya ya yi maka?"

Mutumin ya miƙe, ya nuna Alhaji da yatsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ai ƙarar ke nan, Afa! Shekara da shekaru yana yi wa mutanen Tamale ƙarya, sai da ya zo kaina don ya raina ni zai tsiri gaskiya? Wa ya aike shi?"