Ranar da Na Yi wa Faifai Ta'aziyya

Ba yabon kai ba, a Dandume idan kwamfuta ta yi gardama, ni ake turo wa babur. Shi ya sa da ƙungiyar manoman masara suka kira ni, har babbar riga na saka.

Sunayen masu karɓar taki suna cikin wata kwamfuta ta manhaja da ke aiki a cikin kwamfutar ofis, faifan da take ajiye bayanai duka fayil guda ne. Na nemi buɗe fayil ɗin in leƙa, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Sai na zare tabarau, na dubi dattawa na ce, "Sai haƙuri, faifan nan ya mutu."

Alhaji shugaba ya yi salati, ga motar taki a waje tana jira.

Hajiya Rabi, sakatariyarsu, ta ce, "Malam, ta cikin fa a kunne take. Ba sai an kashe ta ba kafin fayil ɗin ya buɗe?"

Na ce dama gwada su nake yi. Tana kashewa, fayil ya buɗe.

Har yau, duk ranar kasuwa sai wani ya kama hannuna, ya marairaice fuska ya ce, "Malam, ya ƙarin haƙuri?"