Yadda Za Ka Gina Wa Amarya Ɗaki da Fumfuna

"A cikin dusa za ka ajiye min 'ya? Dusa, Bahauddeen!"

Hajiya Ummussalma ke nan, gwaggon amarya Mahbuba, a tsakiyar ɗakin da ango ya gina. Tun hantsi ake yi. Ni Inna Tani katanga ce ta raba mu, katangar kuma akwai huda daidai idona. To kai mai shirin aure, matso. Ka bi matakan nan yadda Bahauddeen ɗan Malam Ƙasimu ya bi su, na yi maka alkawari sunanka zai riga ka zuwa Gwaram.

1. Ka dawo daga karatu da raini

Ka je jami'a ka koyo zanen gini. Da ka sauka Birnin Kudu, ka dubi tubalin da ya rufa wa kakanka asiri shekara saba'in, ka ce ya tsufa. Siminti kuwa ka ce yana ɗumama duniya. Ka faɗa da Turanci, don kada Yahuza magini ya samu bakin amsawa.

2. Ka tara abincin awaki

Ɓuntun shinkafa daga Kangire, ƙaiƙayi, dusa, dakakken kara. Ka jiƙa, ka barbaɗa irin lemar kwaɗi, ka danna a ma'aunin bulo, ka kulle a ɗaki mai duhu. Bayan kwanaki farin zare zai mamaye shi ya ɗaure tam. Abin da in ya fito wa tuwona nake zubarwa, kai ka kira shi ginin gobe.

3. Kada ka gasa

Takardar da ka koyi ginin a ciki da kanta ta ce a gasa bulon, fumfunar ta mutu, kafin a ɗora. Kai ka ce ƙona itace ɓarnar daji ne, rana ta isa. Ka shanya a tsakiyar damina. In Yahuza ya shinshina ya ce, "Injiniya, bulon nan fa da ransa," ka yi masa murmushin tausayi. Me ya sani? Rabin unguwa kawai ya gina.

4. Ka manta da maƙwabta masu ƙafa huɗu

Akuyata ba ta taɓa ƙiba irin ta bana ba, Allah ya saka wa boko. Inda ta cinye bangon ta gabas, ka ce tagar shan iska ce.

5. Ka gayyato 'yan jere

Saura kwana biyu ɗaurin aure, mata bakwai su zo daga Fagam da gado da kwanuka da labule. Jere kuwa sai da ƙusa. Ummussalma ta saita, ta ɗaga guduma, ta buga. Ƙusa ta shige, guduma ta bi ta, hannu ya bi guduma har gwiwa. Aka janye gado a duba, sai ga lemar kwaɗi ta yi sahu a gindin bango, fara sol.

A nan kada ka yi shiru. Ka yi bayani.

"Hajiya, ai irin wannan ana cin sa. Kuma ɗakin ba zafi, bangon ma shanye ƙara yake."

"To ka miya da shi, kai da akuyar! Mahbuba ba ta kwana a ɗakin da ke tsiro. Ku kwance gadon nan."

Sharaɗi

Ni tsohuwa ce, aji biyu na yi a yaƙi da jahilci. An ce waɗanda suka gasa nasu gininsu na nan tsaye. Ban gani ba, hudata ba ta kai can ba. In aka fasa aurenka, ko bango ya yi maka 'ya'ya, babu ruwan Tani, kada a yi min sallama.

Tsaya, ga Hajiya nan za ta fito. Malam Ƙasimu na bin ta da "Hajiya, don Allah a zauna a yi magana."

"Malam, ya yi na ƙasa irin na mutane, ko ya auri bulon!"

Ta finciko ƙofa ta buga iya ƙarfinta. Gaskiyar Bahauddeen: bango ya shanye ƙarar tas. Sannan ya saki ƙofar, ta bi Hajiya waje.